Yadda Ɗanaudu Ya Kai Gara Gaya

Na dawo Bagudo da damina, shekarar da sojoji suka karɓe mulki a Nijar aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Bikin ƙanwata Najiba ne ya dawo da ni, bayan na daɗe ina gararamba tsakanin Legas da Fatakwal, in kama wannan sana'a in saki in kama waccan. Na iske garin yadda na bar shi, sai dai babura sun ƙaru, maƙwabcinmu Ɗanaudu kuma ya ƙara tumbi ya ƙara baki.

Ɗanaudu ya taɓa yin 'yan watanni a Kwatano yana gadin wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Tun daga nan, a faɗarsa, babu dokar fatauci a duniya da bai haddace ba. Matarsa Mashkura ce ke riƙe da gidan. Takan sayo shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, daga Kaoje, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta sayar. A lokacin duk jarinta yana jibge cikin buhuna a ɗakin zaure, tana jiran kasuwa ta yi kyau.

Sai labari ya iso teburin mai shayi cewa tun da aka rufe iyaka shinkafa ta zama zinariya a Gaya ta Nijar. Ɗanaudu ya ajiye kofi ya sanar da jama'a cewa Allah ya kawo ranarsa. Ya yi musu bayani dalla-dalla: kayan sayarwa ba ya fita ƙasa sai da lasisi, lasisi kuwa ba kowane baƙauye ke samunsa ba, sai wanda ya san ƙofar ofis da bakin da ake magana da shi a ciki. Washegari ya saka babbar riga, ya ari jakar hannu wurin wani malamin makaranta, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi.

La'asar ba ta yi sanyi ba sai ga shi ya dawo. Direban da ya kai shi ya ba mu labari. An tambaye shi sunan kamfaninsa, ya ƙirƙiro nan take. An tambaye shi takardar rajista, ya buɗe jakar malamin makaranta, ba komai ciki sai alli da jan biro. Da aka tambaye shi ƙasar da zai kai kayan ya ce Nijar, sai ma'aikacin ya cire tabarau ya tambaye shi ko gidansu babu rediyo, don ƙasar da ke cikin takunkumi ba a ba kowa izinin kai mata kaya, ko da kamfaninsa ya kai girman kasuwar Jega. Shi dai Ɗanaudu abin da ya gaya mana shi ne, sun tsorata da yawan saninsa, sun roƙe shi ya rufa musu asiri ya dawo in an yi sulhu.

Mun ɗauka magana ta mutu. Ashe yanzu ta fara.

Mijin da Najiba za ta aura, Bunyaminu, mutumin Gaya ne, ɗan dangin mahaifinmu na can. Hanyar Kamba a rufe take, don haka aka shirya a kai amarya ta Lolo, a shiga ƙasar Binin, a wuce Madikali zuwa Malanbil, a ƙetare kogi da kwalekwale. Saboda nisa aka ce gara ma ta bi amarya gaba ɗaya, ba sai an sake wata tafiya ba. Garar tamu ba ta da yawa: ɗan buhun gero, jarkar mai, alkaki, nakiya, da daddawa. Mahaifinmu ya rasu, abin da hannu ya kai shi aka yi.

Ɗanaudu ya ja ni bayan masallaci ya ce ya gano ramin da ke cikin dokar. Doka ta hana ciniki, ba ta hana zumunci ba. Babu jami'in da uwa ta haifa da zai tsare kayan amarya. Shinkafar Mashkura za ta bi ayarinmu da sunan gara, da an isa Gaya wani ɗan kasuwa mai suna Abdulnasir, wanda suka riga suka gama magana a waya, zai zo ya kwashe. Shi kuma, don zumunci, zai ɗauki nauyin motar. Na ce ba ni ne da bikin ba, ya je ya ga Goggo.

Goggo 'Yar Baba ƙanwar mahaifinmu ce, ita ce uwar biki, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ciniki da ita ya koma gida yana murna ba. Ta saurare shi tana tsinke zogale, ba ta ɗaga kai ba sai da ya gama.

"Ɗanaudu, ni ba ni ƙarya gaban hukuma, ba ni kuma tona asirin maƙwabci," in ji ta. "Bakinka ne zai yi magana. Abin da duk ya hwaɗi, shi za mu riƙe."

Ya ce ai wannan shi ne daidai, ya fita yana yaba hankalin tsofaffi.

Mashkura ce ta ba shi wahala. Ya bi ta madafa, ya bi ta wurin shanya, ya bi ta bakin rijiya, yana zana mata injin casa nata na kanta da kujerar Makka. Sai da kunnenta ya gaji ta miƙa masa mabuɗin ɗakin zaure, ta ce:

"In ka komo hannu Rabbana, kada ka wahal da kanka da sallama ƙofar gidan ga. Ka wuce Kurgu, can za ka iske ni gidan ubana."

Ranar tafiya unguwa ta fito kallo. Ɗanaudu ya kwashe zannuwan Mashkura na cikin akwati ya naɗe kowane buhu da atamfa, ya ɗaure bakinsa da ƙyalle mai walƙiya, har da fesa turare. Wata tsohuwa ta tambaya ko buhunan ma aure za a yi musu a can. Mai shayi ya ce shi bai taɓa ganin shinkafa ta fi amarya kwalliya ba. Ɗanaudu ya ce jahilci ne ke damunsu, a ƙasashen waje haka ake shirya kaya. Ya ɗora hula mai tsini, ya sanar da cewa daga yau har a dawo sunansa Kawun amarya, duk wanda ya kira shi Ɗanaudu a hanya zai sauka ya taka da ƙafa.

Cikin 'yan rakiya akwai Haliru maroƙi, wanda ba a gayyatarsa biki, ba a kuma yin biki ba shi. Ba wanda ya gaya masa sirrin buhunan. Ya dubi tulin atamfa, ya dubi Ɗanaudu, ya gyara murya. Tun kafin mu fita gari ya fara: Kawu na Najiba, rumbu sha ɗiba, kogin Kwara ba a ƙure ka da moɗa. Na ga kunnen Ɗanaudu yana motsi don daɗi.

Mota ƙaramar a-kori-kura ce, an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ga mata a saman kaya, ga ruwan sama da aka kwana biyu ana yi. Kafin Lolo ta nutse cikin laka har gindi. Ɗanaudu ya sauko ya ture direba gefe, ya ce a Kwatano ya fitar da tirela daga rami da dabara kawai. Ya sa aka tura ta baya maimakon gaba. Motar ta karkata, buhu guda ya sulmiyo ya fashe a kan wani kututture, shinkafa ta watsu fara fat a kan taɓo. Manoman da suka zo taimako suka fitar da mu, sannan suka tsaya suna kallon shinkafar. Haliru ya ɗaga murya ya ce Kawu ya ce sadakar amarya ce, kowa ya ɗiba. Ɗanaudu ya buɗe baki, ya ga idon mutane a kansa, ya mayar da shi murmushi. Da muka koma mota ya raɗa mini cewa kowane babban ɗan kasuwa yana ware kason asara, shi ma tun a gida ya ware.

Shigarmu Binin ba ta yi wuya ba. Mata suka rangaɗa guɗa, aka leƙa aka ga amarya lulluɓe tana kuka, aka yi mana fatan alheri. Ɗanaudu, wanda ya sha gaya mana Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ya gai da jami'an da shi, suka amsa suka ƙara da tambaya, sai tari ya sarƙe shi har muka wuce. Amma daga nan girman kansa ya ƙaru. Ya ce mun gani da idonmu, doka takarda ce, shi kuwa almakashi.

A Malanbil muka ga abin da takunkumi ya yi. Manyan motoci jere a hanyar gada iyakar ganinka, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, warin albasar da ta ruɓe ya cika iska. Gada a toshe. Jama'a duk sun koma bakin ruwa, inda kwalekwale ke ɗiban mutane. Nan wani jami'i dogo, mai sanyin murya, ya tare mu. Ya zagaya motar, ya ɗaga gefen atamfa guda, ya soka yatsa a buhu. Cikin Hausarsa mai gardin yaren Dendi ya ce shi ba ya hana biki, amma kayan sayarwa ba ya ƙetare ruwan nan, sauke shi ake yi a kulle a sito, mai shi kuma ya zauna ya yi bayani. Wannan shinkafa ta yi yawa a ce gara ce. Ta wa ce?

Ɗanaudu ya tako gaba yana baza riga. Ya ce tasa ce, shi ne kawun yarinya, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarta. Ya ce marainiya ce, ya yi alkawari a gaban kabarin ubanta ba za ta shiga gidan miji a raina ta ba. Har muryarsa ta yi rawa. Jami'in ya tambaya ko zai iya maimaita wannan a gaban mutane.

"In maimaita? Jama'a ku shaida," in ji Ɗanaudu, ya juya ga taron bakin ruwa. "Buhun ga duka, tun daga na sama har na ƙasa, gara ce. Kyauta na ba ɗiyata ta kai gidan mijinta. Wanda duk ya ga na karɓi ko dala a kansu, ya tsine mini."

"Mun shaida," in ji Goggo 'Yar Baba daga saman mota, a natse. "Allah shi saka, Kawu."

Yadda ta faɗi Kawun nan ya sa na juya na dube ta. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

Jami'in ya ji daɗi ƙwarai. Ya tambaya wane gida za a kai amarya a Gaya. Da aka ce gidan su Bunyaminu, wurin Inna Zubaida uwar ango, sai ya riƙe baki. Inna Zubaida ƙanwar mahaifiyarsa ce, ango ƙanensa ne, shi ma da ya tashi aiki zai ƙetaro cin tuwon biki. Nan take ya ciro waya ya kira ta, muna ji yana gaya mata ta tara mata ta share tsakar gida, ga gara nan tafe irin wadda ba a taɓa kai wa kowa ba a unguwarsu. Ya rungume Ɗanaudu ya kira shi suruki. Ya sa matasa suka yi mana lodi a kwalekwale mafi girma.

A cikin ruwa tsoro ya kama Ɗanaudu. Ashe gwanin tashar jiragen ruwa bai taɓa hawa ruwa ba, ya rungume buhu ya rufe ido yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da muka kai tsakiya mai kwalekwale ya ce shi ba ya karɓar kuɗin amarya, albarka yake nema, a ba shi daga cikin gara. Goggo ta ce wannan gaskiya ne, ta nuna masa buhu guda. Ɗanaudu ya buɗe ido ɗaya, kwalekwale ya yi tangaɗi, ya mayar ya rufe.

Da muka taka ƙasa ya farfaɗo. Ya raɗa mini cewa kada in damu, za a ajiye kayan a zaure, in gari ya natsa Abdulnasir ya turo amalanke. Abin da ya manta, ko kuwa bai taɓa sani ba don bai taɓa zama inda mata ke aikinsu ba, shi ne gara ba ajiyarta ake yi ba. Buɗe ta ake yi a gaban kowa, a nuna, a yaba, a raba wa dangi da maƙwabta, kowa ya ɗanɗana arzikin amarya.

Tun daga bakin lungu muka ji guɗa. Unguwa ta cika maƙil. Watanni mutane suna sayen shinkafa da ɗan kofi, ga labari ya zo cewa wani attajiri daga Najeriya ya kawo ta mota guda kyauta. Mata da kwanoni, da ƙorai, da bokitai, wata har da zanin goyo ta shimfiɗa. Inna Zubaida, gajeriya mai kuzari, ta tarbi Goggo suka rungume juna, aka shimfiɗa wa Ɗanaudu darduma a tsakiyar gida, aka kawo masa fura da soyayyen kifi. Haliru ya hau turmi ya ci gaba da aikinsa.

Aka kwance buhun farko. Inna Zubaida ta ce zannuwan ma ai cikin gara suke, ta yafa guda ta miƙa wa ƙannenta sauran. Ɗanaudu ya ce cikin dabara, a al'adarsu ta Bagudo gara takan kwana ta huta kafin a taɓa ta. Goggo ta ce ita a Bagudo aka haife ta ta tsufa, ba ta taɓa jin wannan al'ada ba. Ya ce to a bar rabi saboda amarya. Inna Zubaida ta ce amarya ba za ta ji yunwa ba a unguwar da kowa ya ci nata. Ya ce shinkafar ba ta gama bushewa ba, tana iya ɓata ciki. Wata mata ta tauna ƙwaya ta ce ba ta taɓa ganin shinkafar da aka turara da kyau irin wannan ba, Allah ya yi wa hannun da ya yi shi albarka.

Mudu yana shiga yana fita. Can na hango wani mutum mai farar shadda a cikin layi, riƙe da roba. Ɗanaudu ma ya hango shi, ya yi tsalle ya kama hannunsa. Abdulnasir ne. Ya ce shi maƙwabcin gidan ne, matarsa ce ta aiko shi karɓar rabonsu. Batun ciniki kuwa, shi ba ya sayen abin da aka rantse a bainar jama'a kyauta ne, yana da 'ya'ya. Ya miƙa robarsa aka cika masa.

Da ya rage buhu guda, Ɗanaudu ya yar da hula ya faɗa kansa rub da ciki, ya rungume shi hannu da ƙafa.

"Wallahi ba gara ba ce! Hajar Mashkura ce, sayarwa na kawo. Ni ba kawun kowa ba ne, katanga kawai muka haɗa."

Mata suka fashe da dariya, suka ɗauka irin wasan da dangin amarya kan yi ne don a ba su tukwici. Wata ta liƙa masa kuɗi a goshi. Haliru ya ce ku ji Kawu da barkwanci. Ɗanaudu ya ci gaba da rantsuwa yana harba ƙafa, har dariyar ta fara raguwa, mutane suka fara duban juna.

Sai ga jami'in nan na bakin ruwa ya shigo, ya sauya kaki da jallabiya, riƙe da kwanon tuwo. Ya tsuguna kusa da kan Ɗanaudu.

"Suruki, ban ji da kyau ba. In haja ce, gobe da ka ƙetare muna da zama mai tsawo ni da kai, don hanyar gida ɗaya ce, ta gabana ta bi. In kuwa gara ce, Allah shi ba da lada. Wace ce ciki?"

Ɗanaudu ya dubi jami'in, ya dubi Goggo. Goggo tana gyara ɗaurin kallabinta.

"Gara ce," in ji shi, da wata 'yar murya.

"To tashi ka raba na ƙarshe da hannunka, a samu albarka," in ji Inna Zubaida, ta miƙa masa mudu.

Haka ya tsaya yana aunawa yana zubawa, hawaye na bin kumatunsa, mata suna cewa dubi yadda yake son yarinyar nan. Da za mu taho aka ba shi tukwici: zakara guda da tabarmar kaba.

Kafin mu iso Bagudo hoton bidiyon rabon ya riga mu, har da kirarin Haliru. Muka tarar da ƙofar gidansa da kwaɗo. Ya tsaya da zakara a hammata, bai yi sallama ba, ya nemi mai babur zuwa Kurgu.

Biko ya ɗauki lokaci. Surukinsa, tsoho marar yawan magana, ya yanke cewa Mashkura za ta koma ranar da shinkafarta ta koma, buhu da buhu, zani da zani. Tunda Ɗanaudu ba shi da abin biya, ga fadama nan, ya shiga ya noma.

Ni kuma zama ya fara isata, ina shirin komawa kudu, na biya ta Kurgu in yi masa sallama. Na same shi cikin ruwa har gwiwa, ba riga, yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye, surukin na zaune a gindin giginya yana kallonsa, Mashkura na gefe tana tankaɗe. Muna cikin gaisawa sai ga wani dattijo ya sauka daga babur da ƙullin goro a hannu. Ya ce daga Madikali yake, yana da ɗiya marainiya da za a kai ɗaki bayan girbi, an ce masa a nan zai sami bawan Allahn nan, Kawu Ɗanaudu mai gara.

Na ga ƙirjin Ɗanaudu ya fara tasowa da kansa. Mashkura ta dakata da tankaɗe. Ya dube ta, ya dubi goron, ya sunkuya ya ɗauki gwangwaninsa.

"Baba, ka makara, wannan mutumin ya yi ƙaura," in ji shi. "Ni ɗan ƙwadago ne."